Gwiwar Takwarata a Tamanrasat

Shekarar da fara ta cinye geron Damargu, ita ce ta farko. Ta biyu ita ce ta tsadar hatsi, lokacin da tiyar gero ta gagari mai gida, mata suka koma tafasa ganye. Tafiyata Tamanrasat a bayansu ta faɗo. An riga an ci naman layya, amma ba a kai ga ranar nan da rana ta yi husufi ba, da kaji suka koma akurki da hantsi. Wanda ya san waɗannan ya san lokacin.

Tun dawowata ake tambayata. Gidan suna, gidan gaisuwa, bakin famfo: "Inna Rabi, yaya ƙasar Larabawa? Gaskiya ne ba su san tuwo ba?" Na faɗa har bakina ya bushe, kowace ta tsinci guntun da ya yi mata daɗi ta yi gaba da shi, har na ji ana cewa a jirgin sama na tafi. Shi ya sa na zaunar da Malama Hassana, ɗiyar ƙanwata, na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini. Ban shiga lekkol, makarantar boko, ba, amma abin da idona ya gani bai taɓa zubewa ba.

Ba yawo ya kai ni ba. Gwiwar yarinya ce ta kai ni.

Ɗana na fari yana da kanti a kasuwar Tamanrasat. Sunansa ba za ku ji shi a bakina ba, ko a takarda. Ku ce mai kanti. Mu haka muka tashi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi, uba ma haka. Kada ku ce mugunta ce. Ni da na haife shi, uwar mijina ce ta ɗauke shi tun yaye, ita ke duba kansa, ita yake kai wa kuka. A gida kunyar uwa ba ta cutar da yaro, don kullum akwai kaka a ɗaki na gaba.

To shi ma da matarsa Zeinabu suka haifi ta fari a can, mace, shekarar babban taron Yamai, suka sa mata sunana. Kun ga kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya: ga ta ɗiyar fari, ga ta da sunan uwar miji. Da yaye ya zo, ni ya kamata a kawo wa, don mahaifiyar Zeinabu ta rasu tun da daɗewa. Har na sayi 'yar tabarma na ajiye. Sai tawaye ya tashi a arewa, hanya ta mutu, mota ba ta wucewa sai da rakiyar soja. Da hanya ta buɗe aka ce yarinya ta shiga lekkol, a bari ta gama. Sau ɗaya aka kawo mini ita nan Damagaram, tana famfara, muka yi damina guda tana ce mini tsohuwa ina ce mata mai giɓi. Shi ke nan sanin da na yi mata.

Ta-Sallah ce ta kawo labarin. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, fatauci take yi tsakanin nan da can, ta kai yaji da atamfa ta dawo da dabino da taliya da barguna. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce:

"Rabi, kina nan kina tauna goro, takwararki na can tana jan ƙafa."

"Wace ƙafa?"

"Ta hagu. Gwiwa. Balo take bugawa a lekkol, ƙwallon ƙafa irin na maza. A gaban mutane ta miƙe ta yi tafiyarta sarai, in ta ga ba kowa sai ta dafa bango. Na gani da idona."

"Uwarta fa?"

Ta dube ni. "Ke ce za ki tambaye ni uwarta? Ɗiyar fari fa."

Sannan ta ƙara abin da ya ɗaga ni daga tabarma. Ta ce kafin sanyi ya fita akwai babban wasa tsakanin lekkol ɗinsu da wani, ita ce a gaba, kuma da wannan gwiwar take shirin shiga. Na ce to sai na riga wasan nan isa. Yarana suka taru, wai na tsufa, wai hamada ba ta san girman mutum ba. Na ce ni da na taka daga Guidimuni zuwa Damagaram da goyo a baya, mota ce za ta gagare ni? Aka yi mini takardu. Mai hoto ya ce sai na ture ɗankwali kunnuwana sun fito, na ce gwamnati kunnena take so ko fuskata? Na ɗaure tsaraba: kuka, daddawa, kilishi, da man kaɗe cikin kwano don gwiwar.

Daga nan zuwa Agadas ni da Ta-Sallah a kar, babbar motar haya, muka tafi, cike da samari masu zuwa aikin gini, kowa da jarkarsa naɗe da buhu. Bayan Tanut kwalta ta ƙare, mota ta shiga rawa. A wani rami ƙwaryar furar da na riƙe ta tashi ta sauka a cinyar wani malami mai farar riga. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce, "Inna, da kin tambaye ni, da a baki na fi son ta." Har Agadas samarin nan suna kiransa Malam Damu.

A Agadas muka sauka gidan wata Ba'abziniya, abokiyar cinikin Ta-Sallah. Nan na fara ganin abin da ba namu ba: mace fuska a buɗe tana shewa, mijinta naɗe da rawani har ido, shi ke dafa mata shayi. Suka ba ni cuku, na sa haƙori, haƙorin ya ce bai yarda ba. Sai da aka daka mini shi da dabino.

Arlit ce ta fara cinye mini lokaci. Direbanmu Agali yana da mota kat-kat, irin mai keta yashi, amma ba ya tashi sai bayanta ya cika har mutane sun zuba ƙafafu waje. Kullum da safe in je in tsaya a kansa.

"Ɗan nan, yau ne?"

"In Allah ya so, Inna."

"Allah ya daɗe da so. Kai muke jira."

Ya yi dariya ta cikin rawani ya miƙo mini shayi. Haka muka yi ta yi, ina lissafin yarinya tana can tana gudu a kan ƙafar da ba ta da lafiya. Ranar da muka tashi na ce gaba zan zauna, ba wanda ya yi mini gardama.

Hamada ba abin da zan faɗa muku a kanta, babu komai ne kawai, mai yawa. Hanya ma babu, sai sawun tayoyi da gawar tsofaffin motoci. Abin da na riƙe shi ne gurasarsu: a kwaɓa fulawa, a share wuta gefe, a binne ƙullin cikin yashi mai zafi, a mayar da garwashi bisa. Na ce ni ba zan ci ƙasa ba. Da aka fito da ita aka kakkaɓe, aka ɓarɓasa cikin miya, ni na nemi ƙari. Kafin Asamaka wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar. Agali ya shimfiɗa bargo ya shiga ƙasa, muka yini muka kwana, muka sake yini, har wata mota ta zo da irinsa. Sanyin wurin nan ban taɓa jin kamarsa ba. Taimama muke yi, yashin ma kamar ƙanƙara.

Asamaka ita ce ƙarshen ƙasarmu. Ruwan rijiyarsu warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, jandarma suna sha suna cewa magani ne. Daga nan sai Ingizzam, bakin ƙasar Aljeriya. A buron dowan, inda ake binciken kaya, wani saurayi Balarabe mai ladabi ya ce a kwance kaya. Ya buɗe kuka ya shinshina, ya wuce. Ya buɗe daddawa. Allah ya sani ban taɓa ganin mutum ya ja da baya da sauri haka ba. Ya kira ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya kira babbansu. Ta-Sallah, da ta iya Larabcinsu, ta yi ta bayani miya ake yi da ita. Babban ya dafa ƙirji ya ce wani abu, suka yi dariya.

"Me ya ce?"

"Ya ce ki wuce da abinki, amma don Allah kada ki gayyace shi."

Sai dai mun iso ana shiga hutunsu. Su Alhamis da Juma'a suke hutu, ba Lahadi ba, kuma akwai takardar motar da sai an buɗe wani buro. Muka ƙara zama a wata rumfa, muna cin burodi da sardin.

Mun shiga Tamanrasat da azahar. Gari ne ja, gidaje ja, duwatsu baƙaƙe tsaye a bayansa. Hausa kuwa ko'ina, sai ka ce kasuwar Dole ta nan Damagaram. Ta-Sallah ta kai ni har ƙofar gida. Zeinabu ta fito ta durƙusa har ƙasa, ta karɓi kayana, ta kawo ruwa. Ban sha ba na ce, "Ina takwarata?"

Ta sunkuyar da kai. Ƙanwar yarinyar ce ta amsa: "Ta tafi balo. Yau ne babban wasan."

Ko takalmi ban cire ba. Muka tare taksi irin tasu ta haɗaka, muka matsu da wasu mata biyu da buhun burodi. A cikin taksin nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wata Balarabiya da ɗanta a cinya, ƙato, ya isa aike, tana sumbatarsa a kumatu, tana kiran sunansa tana ƙarawa da wata kalma. Na tambayi Ta-Sallah. Ta ce cewa take yi "hantata", kuma shi ne na farinta. Na kawar da kai don kunya. Na ce a raina waɗannan mutane ba su da ta ido.

Filin a bayan katangar lekkol yake. Ba ciyawa, ba yashi, ƙasa ce busasshiya mai tauri kamar daɓe. Mata ne zalla a ciki, sai tsohon mai gadi. An riga an fara. 'Yan mata da dogayen wanduna suna gudu, wasu da kallabi wasu babu. Ban nemi a nuna mini ita ba. Dogayen ƙafafun gidanmu ne, da tsayin wuyana. Ta yi tsawo farat ɗaya, kamar dawa a ƙarshen damina.

Na doshi fili zan shiga in kamo ta, wata mace mai usur ta tare ni. Ta-Sallah ta ce mini a bari a je hutun rabi, yanzu za a busa. Na tsaya.

Zan faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Ni ban san balo ba, amma na san mace mai iya abu. Ƙwallon nan kamar an ɗaure mata shi a ƙafa da zare. Ta wuce wannan, ta wuce waccan, Larabawa suna ihu suna kiran "Rabi! Rabi!" Sunana, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, a bakin mutanen da ban sani ba. Sunan da ba a faɗa a gidansu, ga shi ana rera shi a fili.

Sai aka bugo ƙwallon ta sama. Ta yi tsalle ta tare da ƙirji, ta sauko a kan ƙafar hagu ita kaɗai, a miƙe kamar taɓarya, ta juya jiki za ta bi ƙwallon. Jikin ya juya, ƙafar ba ta bi shi ba. Na ga gwiwar ta lotsa ciki, ta inda Allah bai yi ta ta lanƙwasa ba. Ta zube.

Duk filin ya ɗauki ihu. Ita kaɗai ce ba ta yi ba. Na iske ta kwance ta cije kallabinta, zufa na zuba. Ta buɗe ido ta gan ni, ta daɗe tana kallo, sannan ta saki kallabin ta ce:

"Tsohuwa, wa ya kawo ki?"

"Ƙafa ta kawo ni, mai giɓi. Ke wa ya kwantar da ke?"

"Hutawa nake yi."

A asibiti, muna zaune a benci ana yi mata hoto, malamarsu ta wasa ta zo, mai usur ɗin nan, Madam Yamina. Tana riƙe da takalman yarinyar. Ta juya mini su: haƙora ne dogaye a ƙasa. Ta sa hannu ciki ta zaro tsumma. Ta-Sallah na mayar mini da Hausa. Ta ce wannan takalmin maza ne, ya fi ƙafarta, kuma na filin ciyawa ne. A ƙasa mai tauri irin tasu, haƙoran in sun kama ba su saki, ƙafa ta tsaya jiki ya tafi. Ta ce ta taɓa yi mata magana, yarinyar ta ce ba za ta canza su ba.

Mai kanti yana tsaye nesa da mu, ya juya baya. Daga baya na ji labarin takalman. Ya ga tana wasa da na roba, ya saye su a kasuwa, ya ajiye a ƙofar ɗakinta da asuba ya fita. Ba zai iya tambayarta girman ƙafarta ba. Ita kuma wannan ne abu ɗaya da ubanta ya taɓa zaɓar mata da hannunsa.

Na tambayi Madam, ni dai, me ya sa na ga yara maza suna faɗuwa a lungu su tashi su kakkaɓe, wannan kuwa ko ture ta ba a yi ba? Ta miƙe ta nuna mini da jikinta a tsakar asibiti. Ta ce yarinya in ta fara zama mace ƙugu yana buɗewa, ƙafafu su yi tsawo kafin naman cinya ya kamo su. In ta yi tsalle sai ta sauko a miƙe, gwiwoyi suna neman juna, maimakon ta ɗan tsuguna. Ana koya musu sauka, ana ƙarfafa musu cinya, amma 'yan mata da yawa malama ɗaya. Ga gajiya, ga ƙasa mai tauri. Na ce mu da muke daka muna jan guga cinyarmu ba ta jira malama ba. Ta yi murmushi ta ce daka ba ta koya wa mutum sauka. Sannan ta ce duk waɗannan ƙanana ne. Babban shi ne gwiwar da ta taɓa ciwo aka koma wasa da ita. Ta ce da ta sani da ba ta sa ta ba, amma ashe yarinyar kullum da naɗi a ƙarƙashin wando, kuma ba ta taɓa cewa komai ba.

Likita ya kira mu. Dattijo ne mai furfura a gira. Ya kama ƙaurin ya ja gaba, na ga ƙafar ta biyo shi kamar ƙofar da ta saki. Ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ta tsinke, amma shi a ganinsa ba yau ta fara ba. Ya tambayi yaushe.

Takwarata ta ce, "Yau."

Ya dubi uban. Uban ya ce bai sani ba. Ya dube ni, na ce yau na sauka. Ya buɗe hannuwa ya ce, to ina uwar?

Ashe Zeinabu ta biyo mu. Tana bakin ƙofa, rabin jikinta a waje, fuskarta na kallon bango. Ba ta yi wa likita magana ba, ni ta yi wa.

"Inna, ki gaya masa tun kafin azumi ne. Ranar an dawo ana dafa bango. Ta kumbura kamar ƙwarya, na aika da ruwan zafi da mai a kai ƙofa. Da ta saɓe na ce targaɗe ne, ya wuce. Amma tana kuɓucewa. Wajen ɗaukar bokiti, wajen sauka daga taksi, ranar Sallah ma a bakin murhu. In za a yi sujada sai an fara miƙe ta gefe. Bayan kowane wasa tana sake kumbura."

Duka ta faɗa, ba ta bar ko ɗaya ba, kuma ba ta ce "ɗiyata" ba, ba ta faɗi suna ba. Takwarata ta ɗago kai daga gado tana kallon bayan uwarta, baki a buɗe. Ita a zatonta ba wanda ya gani.

Na ce, "Ba ki gaya wa mai gidan ba?"

"Na ce masa akwai mai ɗingishi a gidan nan. Ya ce Allah ya sawwaƙe."

Ta-Sallah ta taɓa ni. "Rabi, ai ita ta aiko ni. Ranar da zan taso ta cika mini buhu da dabino, ta ce in na je Damagaram in gaya wa Inna sanyin bana yana kama ƙafar mutanen gidan nan. Sai da na zauna na zuba ido na gane ƙafar wa."

Kun ji. Yarinya tana ɗaki na gaba, bango ɗaya tsakaninsu, amma hanyar da ta rage wa uwar ita ce ta aika a ƙetare hamada a ɗauko kaka.

Likita ya ce da a farkon aka kawo ta, jijiya ce kawai, da sauƙi. Amma kowace kuɓucewa tana cin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, na yau kuma ya yage shi. Sai an yi aiki, kuma ba a nan ba, can arewa bakin teku. Za ta yi tafiya. Balo kuwa, ya girgiza kai. Takwarata ta ji Larabcin tun kafin a mayar mini. Ta juya ta kalli bango, irin juyawar uwarta sak.

Na fita na kamo hannun Zeinabu. Na ce, "Ni ce mai sunan, ni ce uwar mijin. Na ɗauke miki. Shiga."

Ta ce, "Inna, ba zan iya ba."

"Ban ce ki yi magana ba. Shiga."

Ta shigo ta zauna a ƙarshen gado, ta ba yarinyar baya. Can sai ta miƙa hannu ta baya, ba ta duba ba, ta lalubo idon ƙafar ta riƙe. Yarinyar da ba ta yi kuka a fili ba, ba ta yi a mota ba, ba ta yi ba da likita ya ja ƙaurinta, a nan ta fashe. Ni na fita na je na tsaya wajen taga, don tsohuwa ba ta da abin yi a wurin.

Na zauna can har zafi ya shigo. Masu tambayar tuwo, akwai, a gidajen mutanenmu; su kuwa kuskus ne da shorba da burodi. Burodin nan suna girmama shi, in mutum ya tsinci guntu a ƙasa sai ya sumbace shi ya ɗora bisa katanga. Maza suna gaisawa kumatu da kumatu. An kai ni wani ƙauye, Tit, na ga garake da dabino, masu noman suka ba ni tumatir cike da zane. Man kaɗen da na ɗauko tun daga gida a fason ƙafata ya ƙare, likita ya ce kada a murza komai. Husufin rana a tsakar gidansu ya same ni, ina yi wa takwarata kitso, ƙafarta miƙe bisa matashi. Can bai yi duhu kamar yadda aka ce ya yi a nan ba.

Uban ne ya kai ta arewa, su biyu a mota, tafiya mai nisa. Ta ce mini har suka je suka dawo bai kira sunanta ba, amma duk inda aka tsaya shi ke ɗaukarta a baya ya sauke. Takalman nan ban san inda ya kai su ba.

Ranar da zan taso ta rako ni ƙofa da sanduna biyu. Ta ce, "Tsohuwa, da kin riga wasan isa, da kin hana ni?"

Na ce, "Da na zaune ki."

Ta yi dariya. "Ai da ba ki gan ni ba."

Na gan ta. Rabin wasa, ko rabin ma bai cika ba. Shi ne abin da nake da shi. Amma ba kwanan Arlit nake jin ciwo ba, ba karyewar mota ba, ba hutun Ingizzam ba. Tabarmar nan nake tunawa, da na saya don yayenta. Mun aika yaranmu ƙasa mai nisa da kunyarmu cif, ba wadda ta faɗi a hanya, kakar ce kawai ba ta shiga mota ba.

Dawowa ba abin faɗa, sai dai a Ingizzam saurayin dowan ya gane ni, ya toshe hanci yana dariya.

Yanzu cikin mutanen tafiyar nan saura kaɗan. Agali an ce hamada ta riƙe shi, shi da motarsa. Ta-Sallah ta rasu shekarar da ruwa ya rushe gidajen unguwar Birni, ni na yi mata wanka. Malam Damu na gan shi sau ɗaya a tasha, ban sake ba. Madam Yamina ban da labarinta, in tana raye Allah ya saka mata. Mai kanti ya rasu can, can aka binne shi, kuma har yau ban faɗi sunansa ba. Zeinabu tana nan, ta dawo gida, gashinta ya yi fari.

Takwarata ma tana nan Damagaram, lungu biyu tsakaninmu, ta yi aure. In sanyi ya shigo gwiwar tana kumbura. In mun yi salla tare, ni da shekaruna ina kai goshi ƙasa in tashi, ita a kan kujera take yi, ƙafa a miƙe. Ta haifi ta fari, mace, ƙafafun gidanmu. Rannan yarinyar ta faɗi a lungu wajen gudu, sai ga uwar ta fito tsakar titi tana ɗingishi, tana ƙwala mata kira da sunanta, da ƙarfi, kowa na ji: "A'i! Zo nan in ga ƙafar nan!" Ta zaunar da ita a cinya ta dudduba.

Da la'asar maƙwabta suka zo mini ƙara. Suka ce, "Inna Rabi, jikarki ba ta da kunya, ɗiyar fari fa. Ki yi mata magana."

Na ce su je su ga yadda take salla, sannan su dawo su faɗa mini.